Dasashina yana jini, haƙora sun fara girgiɗa: ina ake samun likitan dasashi a kusa da mu?

Ɗan Taura (Asabar, 9:40 na dare)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin yadda yake.

Shekarata 44. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, ina kuma taɓa noman riɗi da ɗan na rani. Kusan shekara 3 ke nan, duk sanda na yi asuwaki sai bakin icen ya yi ja kamar na tauna goro. Da farko asuwakin na ɗora wa laifi, na ce darbejiyar ce ta yi mini tauri. Na koma buroshi da makilin, sai ya zama kumfar da nake tofarwa ita ma da jini. Tun da babu ciwo, na share.

Bara da kaka na sayi rake a kasuwa, na kai baki zan ɓare, sai na ji haƙorana 2 na gaba, na ƙasa, sun motsa. Wallahi a nan na miƙa wa wani almajiri raken, na tsaya ina taɓa su da harshe kamar wawa. Tun daga ranar, gasasshiyar masara sai na ɓamɓaro ta da hannu, tsire kuwa sai na tura shi can gefe. Yanzu har wushirya ta fito mini wadda ba a haife ni da ita ba, haƙoran kuma sun ƙara tsawo. In na danna dasashin da yatsa wani lokaci har mugunya take fitowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wari. Uwargida ce ta yi ta maza ta gaya mini, bayan ta daɗe tana kewaye-kewaye da zancen ko in riƙa tauna kanumfari. Daga nan na gane dalilin da ya sa yaran da ke bencin gaba suke sunkuyar da kai in na duƙo ina duba musu aiki. Ni da nake koyar da su tsaftar jiki a aji 4.

Ga abin da na gwada. Na sha kafso da Flagyl daga kemis ya fi sau 5. Yakan lafa mako 1 ko 2, ya dawo. Wani mai magani a kasuwa, irin masu lasifika, ya ce tsutsa ce, ya turara mini hayaƙi ya nuna mini wasu fararen abubuwa a cikin ruwa, na biya shi na dawo gida da jinina. Na kuma je wani asibiti da ba zan kama suna ba. Tun hantsi na zauna sai bayan azahar aka kira ni, aka haska bakina da fitilar waya, aka ce injin wanki ya lalace, in zaɓa: ko a cire masu girgiɗar, ko a rubuta mini magani. Na ce a'a, haƙorin da bai yi mini ciwo ba, ba kogo, ba ruɓa, ba zan bayar a tumɓuke ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kafin ya kai 55 bakinsa duk giɓi ne, shi ya sa 'yan gidanmu ke ce mini gado ne, in haƙura. To amma ɗan yayana da ke karatu a jami'a ya ce mini akwai likita na musamman da dasashi kawai ya karanta, daban da mai cire haƙori.

Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ina yake zama? Dutse, Haɗeja, Birnin Kudu, ko sai Kano? Ana zuwa kai tsaye ko sai da takarda? Kun san albashin malamin firamare, ba zan iya ɗaukar kuɗin mota in je birni in yi ta bulayi daga wannan ƙofa zuwa waccan ba. Wanda ya san hanya ya taimaka don Allah.

Alhaji Mai Goro (Asabar, 10:12 na dare)

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ni shekarata 67, haƙorana 29 suna nan daram, ban taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Ba wani sirri, asuwaki ne sau 5 a rana. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Ka samu bagaruwa ka dafa, in ta huce ka riƙa kurkure baki safe da yamma. Ruwan ɗumi da gishiri ma yana yi. Kanumfari kuma don warin.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka yarda a yi maka wankin haƙorin nan na inji. Ƙanena aka yi wa a birni. Da ya tafi haƙoransa a haɗe suke, da ya dawo sai ga ƙofofi tsakaninsu, iska na wucewa, suna rawa fiye da da, ruwan randa ma in ya sha sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Anti Mai Wankin Haƙori (Lahadi, 6:55 na safe)

Malam Ɗan Taura, sannu da jiki. Ni 'yar ƙasar Haɗeja ce amma a Kano nake aiki, shekarata 11 a ɓangaren haƙori. Ba likita ba ce ni, mu ake kira tarafis, mu ne masu wankin haƙori da koya wa mutane kula da baki. Ban ga bakinka ba, don haka abin da zan faɗa shawara ce, ba hukunci ba. Amma irin labarinka nake ji kullum.

Ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, akwai likitan dasashi. Sai mutum ya gama karatun likitan haƙori na shekara 6, ya yi shekarar koyon aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya sake shiga wani horon na shekaru a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Shi ya sa ba su da yawa, kuma inda ake koyar da ɗalibai suke taruwa. A ɓangarenmu wurin da za ka nufa shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Kada ka je kana neman allon da aka rubuta "likitan dasashi", ba za ka gani ba. Ma'aikata suna taƙaita sunan sashen su ce "feriyo". Riƙe wannan kalmar. In ka faɗe ta a ɓangaren haƙori, kowa ya san inda za a kai ka.

Sai dai ni ba zan ce ka fara da farautarsa ba. Ko yau ka zauna a gabansa, abin da zai fara sa a yi maka shi ne wanki da hoto da awo, kuma waɗannan ba sai shi ba. Likitan haƙori na gama-gari da irinmu muna yi. Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse yana da ɓangaren haƙori, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana da shi, Asibitin Murtala a Kano ma haka. Ka zaɓi wanda kuɗin motarsa ya fi maka sauƙi. In akwai wanda ka sani a garin, ka roƙe shi ya leƙa ya tambayo maka ko ana wanki a ranar da kake son zuwa, tun kafin ka hau mota. In sun gama nasu suka ga abin ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta maka takardar turawa zuwa Asibitin Malam. Wanda ya zo da takarda da hoto a hannu ba ya bulayin da kake tsoro.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a bakin, don ka san abin da za ka nema. Ba tsutsa ba ce, babu wata tsutsa a haƙori, abin da mai hayaƙin nan ya nuna maka da shi ya zo. Wani farin datti ne mai danƙo yake taruwa kullum a inda haƙori ya haɗu da dasashi, cike yake da ƙwayoyin cuta. In ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki ma'adanan da ke cikin yawu sai su daskarar da shi ya zama kanta mai tauri, wadda ba buroshi ba asuwakin da zai ɓamɓare ta. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan matakin in aka wanke, komai yana komawa daidai. In aka bari, sai dasashin ya saki haƙorin, rami ya buɗe a tsakani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: dattin ya gangara ciki inda hannu ba ya kaiwa, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya fara zaizayewa. Kai manomi ne, ka san turken da ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa. Turken lafiyarsa ƙalau, amma akuya ma za ta girgiza shi. Haƙoranka ba tsawo suka ƙara ba, ƙasarsu ce ta janye.

Ramin nan auna shi ake yi da wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar rula. Mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne. Daga 4 an fara magana. In ya kai 6 ko fiye, ya yi zurfi. To in ka je, ka nemi abu uku da bakinka: a auna ramukan a rubuta, a ɗauki hoto a ga ƙashin da ya rage, a yi wanki har ƙarƙashin dasashi ba saman haƙori kawai ba. Na ƙarƙashin akan yi allurar kashe zafi, kuma ba lallai a gama a zama ɗaya ba. Bayan kamar mako 6 zuwa 8 a sake aunawa. Ramin da ya ƙi rufewa, shi ne aikin likitan dasashi: yakan buɗe dasashin ya wanke saiwar ya mayar ya ɗinke. Haƙoran da ke rawa kuma ana iya ɗaure su da maƙwabtansu ta baya da siririyar waya, su jingina da juna. Zan gaya maka gaskiya, ƙashin da ya tafi galibi ba ya dawowa. Tsayar da zaizayar ake yi a ceci abin da ya rage. Wani haƙorin kuma in ƙashinsa ya ƙare, cirewar ce gata. Amma hoto ne zai faɗi haka, ba fitilar waya ba.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka gani a bakin ƙanenka gaskiya ne, fassarar ce zan ɗan gyara, a gafarce ni. Ƙofofin nan suna nan tun kafin a wanke, kanta ce ta cike su, ita ce kuma ta liƙe haƙoran da juna kamar an yaɓe su da laka. Da aka ɓamɓare ta, kumburi kuma ya saɓe, sai ɓarnar da ta yi shekaru tana yi ta fito fili. Jin ruwan sanyin kuma saiwa ce ta fito, yakan ragu cikin 'yan makonni. Injin ba ya sassaƙe haƙori, girgiza kantar yake yi da ruwa har ta saki. Ruwan gishirinka kuwa ina tare da kai, mu ma muna sa mutane su yi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a labarinka, Malam. Shekara 44, ga mugunya, ga girgiɗa, ga mahaifi da ya rasa haƙora da wuri. Ka taɓa gwada sukari? Ciwon sukari da ciwon dasashi abokan tafiya ne, kowanne yana rura wa ɗan'uwansa wuta. Sau da yawa a kujerarmu ake fara zargin sukari ga mutumin da bai san yana da shi ba. Wannan ba sai ka je Dutse ba. Ka je asibitin da ya fi kusa da kai da safe kafin ka karya, a ɗiga jinin yatsa. In ya nuna 7.0 ko sama, ko 126 a irin injin da ke ƙirga da manyan lambobi, sai a maimaita a tabbatar. In sukari yana sama ba a saukar da shi ba, ko wa ya yi maka wanki ba zai yi ƙarko ba. Zancen gado kuma akwai ƙamshin gaskiya, wasu gidajen sun fi saurin kamuwa. Amma saurin kamuwar ake gada, ba giɓin ba.

Kafson nan ka bar shi haka. Yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma kantar tana nan zaune, shi ya sa yake dawowa. Kada kuma ka ɗora asfirin ko kanwa a kan dasashi, ƙona shi suke yi.

Kuma kada kunya ta kashe ka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da mai tsananin wannan ciwo, mutum sama da biliyan 1 ke nan. Shiru kawai kowa yake yi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran albashi: in ka ga fuska ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Maman Halifa, Gwaram (Lahadi, 2:30 na rana)

Malam sannu, Allah ya yaye. Anti ta gama magana, ni ta hanya zan ƙara, don na bi ta da Innarmu.

Ita nata daban ne. Dasashin ne ya yi ta tsiro yana hawa kan haƙora har ya kusa rufe na gaba, ga jini. Mutanen gari har an fara cewa sammu. Muka kai ta Birnin Kudu tunda shi ne kusa da mu, suka wanke, suka ba mu takarda zuwa Kano. A can likitan bai ma daɗe da duba bakin ba ya ce a nuna masa magungunan da take sha. Allah ya taimake mu na zuba su duka a leda na taho da su. Ashe maganin hawan jininta ne, amlodifin, yakan sa wa wasu mutane haka. Ya ce nifedifin ma yana yi, da fenitoyin na masu farfaɗiya. Bai ce ta daina sha ba, kada wani ya karanta wannan ya je ya watsar da maganinsa. Takarda ya rubuta wa likitan da ke duba hawan jinin, shi ya canza mata wani. Da wannan da wanki, cikin 'yan watanni yawancinsa ya saɓe.

To ka ji. Duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka tafi da kwalinsa ko ƙullinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da asuba muka fita, muka sauka Unguwa Uku, daga nan Asibitin Malam ba nisa a adaidaita sahu. Ku mutanen hanyar Haɗeja 'Yankaba za a sauke ku, taku ta fi tamu tsawo a cikin gari, don haka in kana da ɗan'uwa a Kano gara ka kwana can ka yi sammako. Ka sa a ranka cewa zuwan farko na yankar kati ne da dubawa da hoto, wataƙila a ba ka wata rana. Mu sau 4 muka je. Tunda malamin makaranta ne kai, ka daidaita da hutu. Ka kuma ci abinci kafin ka shiga, don in an yi allura leɓe yakan mutu na wasu awoyi, Inna da yunwa ta wuni ranar tana yi mini faɗa da rabin baki.

Kai da kake ma'aikacin gwamnati, ka bincika katinka na JICHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, ka tambayi asibitin da ka yi rajista abin da ya shiga ciki na haƙori da yadda suke tura mutum gaba. 'Yan Kano kuma tasu KSCHMA ce.

Tunda an taɓo zancen, bari in yi wa mata 'yan'uwana magana. Dasashi yakan yi jini lokacin goyon ciki, ni ma ya yi mini a cikin Halifa, sai na daina goge wurin don tsoro, ashe ƙara ɓata shi nake yi. Ana duba mai ciki, ana yi mata wanki. Na yara kuma ya fi ban tsoro. Yaro ƙarami, ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari kumatu ya fara kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Cutar noma ke nan mai zaizaye baki, cikin kwanaki take huda kumatu. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, amma in an kai yaro asibiti mafi kusa da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tare ta tun ba a kai ga Sakkwato ba.

Alhaji Mai Goro (Lahadi, 5:05 na yamma)

To 'yata, na ji. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na kira ƙanen nawa ɗazu na tambaye shi, ya ce haƙoran da aka wanke har yau suna nan, shekara 8 ke nan, guda 1 kawai ya fita. Ban ce na sauka daga kan bagaruwata ba fa.

Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, sana'ata tana cikin masu laifi? Shekara 40 ina sayar da goro.

Anti Mai Wankin Haƙori (Lahadi, 8:20 na dare)

Baba, kwantar da hankalinka, goro rina haƙori yake yi, ba shi ne babban mai laifi ba. Taba ce. Sigari, da garin tabar da ake cusawa a leɓe. Ita sigari har munafunci gare ta, tana rage jinin da dasashi ke fitarwa, sai mai shanta ya ɗauka lafiya lau yake alhali ƙashi na tafiya. Bayan wanki ma masu shanta sun fi jinkirin warkewa.

Asuwaki kuma ba ni da faɗa da shi, yana aiki in an iya. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya yi ta dirzar haƙoran gaba 6 da mutane ke gani, yana tafe yana hira, ya bar turame da bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe. Nan ne kuwa kanta ta fi taruwa, don a nan yawu ke ɓuɓɓugowa. A tauna bakin icen ya yi laushi sosai, a bi layin da dasashi ya haɗu da haƙori a hankali, ciki da waje, a yanke bakin a sabunta shi. Mai buroshi ya sayi mai laushi, sau 2 a rana, na dare ya fi muhimmanci. In wuri yana jini, shi ne ya fi buƙatar gugar, ba gudunsa za a yi ba.

Alhazai da hajiyoyi kuma, ku yi mini afuwa, haƙorin Makka in bai zauna daidai ba gefensa yana tara datti sosai. Na sha ganin baki lafiya lau sai dasashin wannan guda ɗayan ne ya kumbura. A riƙa kai shi ana dubawa.

Ɗan Taura (Alhamis, bayan mako 3)

Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in dawo in ba da rahoto, kada in zama kamar wanda ya ci tuwo ya tafi da kwano.

Anti, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa. Washegarin da na karanta saƙonki na je aka gwada sukarin kafin in karya: 9.4. Na ce injin ne. Aka maimaita bayan kwana 3, ya nuna 8.8. Ashe yawan fitsarin dare da ƙishirwar da nake ɗora wa zafin bazara ba zafi ba ne. An ɗora ni a kan magani, shayin safe kuma an raba ni da cokali 3 na sukarin da nake zubawa. Wannan rabuwar ta fi mini ciwo a kan komai.

Ranar Litinin da ta wuce na je Dutse. Wani abokin karatuna da ke aiki a sakatariya ne ya fara leƙa mini. Na nemi abubuwa ukun nan kamar yadda kika ce, har likitan ya ɗago ya tambaye ni ko ma'aikacin lafiya ne ni. Na ce a'a, ɗalibin wata Anti ne. Yana aunawa yana kiran lambobi wata tana rubutawa: yawancin na sama 3 da 4, turamen ƙasa 5, na gaban nan biyu kuwa 7. A hoto na ga abin da idona, ƙashin ya sauka kusan rabin saiwa, turken nan dai da kika faɗa.

An wanke ɓangaren ƙasa. Baba Alhaji, abin da aka ɓamɓaro daga bayan haƙorana, da na tara shi da ya cika murfin kwalba, baƙi ƙirin kamar ƙanzo. Kuma gaskiyarka, ƙofofi sun fito, har ɗan fito nake yi in na ce "sannu". Ruwan randa ma sai na ajiye shi sanyinsa ya ragu. Amma yau kwana 3 ke nan, da safe na tofar da kumfa na ga ja kaɗan ne, ba kamar da ba. Sun ba ni wani ruwan kurkure baki, kuloheksidin, suka ce kada in wuce mako 2 don yana rina haƙori. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai na lura ta kwashe kanumfarin da take ajiye mini a kan taga.

Mako mai zuwa zan koma a yi na sama. Likitan ya ce na gaban nan biyu ba zai yi mini alkawari ba, in an sake awo bayan wata 2 ramin bai ragu ba zai rubuta mini takarda zuwa feriyo a Asibitin Malam su gani ko za a ɗaure su. Ya yi daidai da hutun ƙarshen zango, riɗina ma na sayar a lokacin.

Maman Halifa, tambaya ɗaya. Hoton da aka ɗauka a Dutse, in na je Kano za su karɓe shi ko sai an sake wani? Don in san nawa zan ware.

Maman Halifa, Gwaram (Alhamis, 9:10 na dare)

Mu sun duba namu na Birnin Kudu, suka ƙara ɗaukar ƙanana guda 2 na inda suke son gani da kyau. Ka tafi da shi, da takardar da aka rubuta lambobin awon, da ta sakamakon sukarin. Ka sa su cikin littafi mai kauri kada su lanƙwashe a mota, ka kuma ɗauke su a waya ko da za a manta leda a tasha.